Krylbo: Garin da Layin Dogo Ya Haifa a Tsakiyar Suwidin

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Stockholm ya nufi lardin Dalarna, in ya wuce Uppsala ya wuce Sala, bayan tafiyar kilomita kusan 160 jirgin zai tsaya a wata tasha mai suna biyu: Avesta Krylbo. Ginin tashar na jan bulo ne, ƙato, mai rufi mai tsini, irin wanda mutum zai yi tsammanin gani a babban birni. Amma Krylbo a yau unguwa ce kawai a gefen garin Avesta. Mutanenta 'yan dubbai ne, ba ta da majalisar kanta, kuma yawancin fasinjojin da ke wucewa ba sa sauka. Ginin ya fi ƙarfin wurin, ruwa kuwa ba ya tsami banza. An yi zamanin da babbar hanyar jiragen gwamnati daga Stockholm zuwa arewacin ƙasar ta nan take bi, har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan mararrabar dogo a Suwidin.

Na ɗauki Krylbo ne saboda labarinta a fili yake. Kafuwarta, da bunƙasarta, da safiyar da ta kusa ƙonewa a 1941, da shekarar da aka haɗe ta da maƙwabciyarta, duk a wani wuri aka yanke shawararsu, a kan dogo kuma suka iso mata. Mutanen garin su ne suka yi aikin, su ne suka ɗauki hatsarin, amma da wuya a ce an taɓa tambayar ra'ayinsu.

Kafin jirgi ya zo

Yankin yana bakin kogin Dalälven, a cikin tsohuwar gundumar Folkärna, kudu maso gabashin Dalarna. Tun kafin a san dogo, abin da ya ba wurin muhimmanci shi ne mafitar kogin. Dab da Krylbo akwai Brunnbäck, inda matafiya ke fito. A nan ne, cikin watan Afrilun 1521, manoman Dalarna masu goyon bayan Gustav Vasa suka kara da dakarun da ke biyayya ga Sarkin Denmak, Kristian na Biyu, suka fatattake su. 'Yan watanni ke nan bayan kisan gillar da Kristian ya yi wa manyan Suwidin a Stockholm cikin Nuwamban 1520. Shekara biyu da wannan gumurzu aka naɗa Gustav Vasa sarki, a 1523. Akwai dutsen tunawa a Brunnbäck har yau.

'Yan kilomitoci kaɗan daga nan, inda kogin ke zubowa da ƙarfi, Avesta take. Ita tsohuwa ce. A 1636 wani ɗan asalin Holan, Govert Silentz, ya kafa masana'antar tace jan ƙarfen da ake haƙowa a babbar mahaƙar Falun, don ƙarfin ruwan wurin ya isa ya juya injina. Daga 1644 zuwa 1831 a Avesta ake buga kuɗin jan ƙarfe na ƙasar. A nan aka buga wani faifan kuɗi na daler 10 (kuɗin Suwidin na lokacin) mai nauyin kilo 19.7, wanda ake lissafa shi a matsayin tsabar kuɗi mafi nauyi da aka taɓa kashewa a kasuwa. Nauyin irin waɗannan kuɗi na cikin abin da ya sa wani banki a Stockholm ya fara fitar da kuɗin takarda a 1661, karo na farko a Turai. An ba Avesta matsayin birni a 1641, aka karɓe a 1688. A 1869 aikin jan ƙarfen ya tsaya. Wato lokacin da masu awon dogo suka iso yankin, Avesta tana cikin kwanakin rauninta.

Krylbo kuwa a lokacin gonaki ne da 'yan gidajen manoma. A ƙauyen Karlbo da ke manne da ita aka haifi Erik Axel Karlfeldt a 1864, mawaƙin da aka ba kyautar Nobel ta adabi a 1931, watanni bayan rasuwarsa. Yana da shekara tara jirgi ya iso. A 1885 gidan gadonsu ya salwanta bayan an kama mahaifinsa da laifin jabun takardun bashi, aka yi gwanjon gonar. Waƙoƙinsa sun fi karkata ga rayuwar manoman Dalarna ta dā, rayuwar da ya ga tana zamewa a gaban idonsa. An adana gidan da aka haife shi a Karlbo ana ziyarta, kabarinsa kuma yana maƙabartar cocin Folkärna.

Dalilin da dogo ya bi ta daji

Suwidin ta makara wajen shimfiɗa dogo. Sai a zaman majalisar dokoki na 1853 zuwa 1854 aka tsayar da cewa gwamnati za ta gina manyan layuka da kuɗinta, 'yan kasuwa kuma su gina rassa. Aka danƙa aikin ga Nils Ericson, injiniyan da ya yi suna a haƙa magudanan jiragen ruwa, yayan John Ericsson wanda ya ƙera wa Amurka jirgin yaƙin nan Monitor. Ranar 1 ga Disamban 1856 aka buɗe sassa biyu na farko, Göteborg zuwa Jonsered da Malmö zuwa Lund. Layin Stockholm zuwa Göteborg ya kammala a 1862, na kudu zuwa Malmö a 1864.

Tsarin Ericson ya jawo surutu ƙwarai, domin ya kauce wa gaɓar teku, ya kuma kauce wa tsofaffin birane da dama. Masu suka suka ce mutumin tsoron ruwa da birane yake yi. Amma yana da hujjoji biyu. Ta farko tsaro. Rasha ta ƙwace Finlan daga hannun Suwidin a 1809, kuma a 1854 da 1855 mutane sun ga jiragen yaƙin Ingila da Faransa suna shawagi a tekun Baltik suna ragargazar sansanonin Rasha. Dogon da ke bakin teku, igwar jirgin ruwa za ta iya katse shi cikin yini guda. Ta biyu kuwa, garuruwan gaɓa suna da jiragen ruwa, alhali tsakiyar ƙasa ba ta da komai sai keken doki da hanyar ƙanƙara. Ana son dogo ya buɗe wuraren da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a manta ƙasar matalauciya ce a lokacin: an yi yunwa daga 1867 zuwa 1869, kuma tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930 mutane fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Wannan tsari shi ya haifi garuruwa irin su Hallsberg, Katrineholm, Nässjö, Alvesta da Hässleholm, waɗanda kafin jirgi babu su ko kuwa 'yan gidaje ne. Ericson ya bar aiki a 1862, ya rasu a 1870, amma layin arewa bai sauka daga tunaninsa ba. Ya isa Uppsala a 1866, ya bi ta Sala mai mahaƙar azurfa ya isa Krylbo a 1873, ya haye kogi ya kai Storvik a 1875, inda ya gitta layin 'yan kasuwa da ke haɗa Falun da tashar ruwan Gävle tun 1859. Bai shiga Gävle ba, bai shiga Falun ba, bai ma shiga Avesta da ke kusa ba. Abin da masu awo ke nema shi ne fili mai faɗi da wurin da gada za ta zauna, sun kuma same su a Krylbo.

Daga nan rassa suka riƙa zuwa. A shekarun 1870 aka ja layi zuwa mahaƙan tama na Norberg. A 1881 layin wani kamfani na kudancin Dalarna ya haɗa Krylbo da Borlänge ta Hedemora da Säter. A 1900 gwamnati ta buɗe layin Krylbo zuwa Frövi, wanda ya ba jiragen arewa damar gangarawa Örebro da Hallsberg, daga can su wuce Göteborg ko kudu, ba tare da sun zagaya ta Stockholm ba. Wannan layi na 1900 shi ne ya ɗaga Krylbo. Katako da ƙarfe da takarda daga arewa, hatsi da kayan masana'antu daga kudu, duk a nan ake kwance taragu a sake ɗaura su. Wanda ya san yadda Kafanchan ta tashi daga mararrabar dogo a shekarun 1920 ba zai sha wuyar gane abin da ya faru ba.

Garin ma'aikatan reluwe

Jirgin kwal ba ya doguwar tafiya bai tsaya ba. Yana son ruwa, yana son kwal, ana canza kan jirgi, ana canza direba da mai zuba kwal. Fasinjoji kuma suna son abinci, domin a farkon zamanin babu taragon cin abinci, sai dai jirgi ya tsaya mutane su ruga gidan abincin tasha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu aikin mutane ne: masu juya layi, masu haɗa taragu, makanikai, masu buga tangaraho, masu sayar da tikiti, mata masu girki da wanki, da masu gadin layi waɗanda ke zaune da iyalansu a 'yan ƙananan gidaje da hukumar jirgi ta gina a bakin dogo, kowa da yankin da yake dubawa kullum. A samansu duka akwai shugaban tasha, mai kaki da hula, wanda a irin waɗannan garuruwa ana sa shi sahu ɗaya da limamin coci da likita.

Jirgi ya canza har agogon mutane. Kafin 1879 kowane gari a Suwidin da lokacinsa, gwargwadon tsayuwar rana. Tsakanin Stockholm da Göteborg akwai bambancin minti 24. Jiragen gwamnati da lokacin Göteborg suke aiki, shi ya sa agogon tasha a wurare da yawa yake da hannun minti biyu, ɗaya na gari ɗaya na jirgi. Ranar 1 ga Janairun 1879 aka mayar da ƙasar duka kan lokaci guda. Krylbo ta yi shekarunta na farko a cikin wancan ruɗani.

Da layin Frövi ya zo, tsohuwar tasha ta yi kaɗan. Aka gina wadda ake gani yanzu, aka buɗe ta a 1902. Wanda ya zana ta shi ne Folke Zettervall, babban mai zanen gine-gine na hukumar jiragen ƙasa daga 1895 zuwa 1930. Shi ne kuma ya zana ƙatuwar tashar Haparanda da ke kan iyakar Finlan. A ganina, girman ginin Krylbo bai da alaƙa da yawan mutanen garin. An gina shi ne don matafiyin da ya fito daga Stockholm zai tafi arewa mai nisa, ya ga cewa hukuma tana nan tare da shi har tsakiyar daji. Yanzu ginin yana cikin waɗanda doka ta hana a rushe ko a sauya musu kama, kuma sau da yawa ana ambatonsa cikin tashoshi mafi kyau a ƙasar.

Gari ya ci gaba da cika. A farkon ƙarni na 20 aka gina kotun yankin Folkare a Krylbo, domin nan ne ya fi sauƙin zuwa ga kowa. A 1919 aka cire Krylbo daga gundumar Folkärna, aka ba ta matsayin ƙaramin gari mai majalisarsa da harajinsa. A shekarar ce kuma Avesta ta sake zama birni, bayan shekara 231. Ita ma jirgin ne ya farfaɗo da ita: a shekarun 1870 aka kafa masana'antar narka tama a inda aka daina aikin jan ƙarfe, a 1883 aka kafa kamfanin ƙarfe na Avesta wanda iyalin Johnson suka riƙe, a 1924 kuma aka fara yin ƙarfen da ba ya tsatsa. Garuruwa biyu ke nan kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na maƙera ɗaya na 'yan reluwe.

Asabar, 19 ga Yulin 1941

Ranar 9 ga Afrilun 1940 Jamus ta mamaye Denmak da Norwe. Suwidin ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, amma ta wayi gari a kewaye: sojan Hitler a yamma da kudu, a gabas kuma Finlan wadda ba ta daɗe da fita daga yaƙi da Tarayyar Sobiyet ba. Gaba kura, baya siyaki. Da yaƙin Norwe ya ƙare, Jamus ta nemi a bar ta ta riƙa wucewa da sojojinta masu tafiya hutu da kayanta a kan dogon Suwidin. Gwamnatin haɗin gambiza ta Firaminista Per Albin Hansson ta amince a bazarar 1940. Kafin a soke wannan yarjejeniya a Agustan 1943, an yi jigilar sojan Jamus fiye da sau miliyan 2, da taragun kaya kusan 100,000.

Abin ya ƙara muni a Yunin 1941. Ranar 22 ga wata Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, ta kuma buƙaci Suwidin ta bar wata runduna sukutum, da makamanta, ta ratsa daga Norwe zuwa Finlan. Wannan ya wuce maganar soja mai tafiya hutu, runduna ce mai tafiya fagen fama. Aka yi kwanaki ana ja-in-ja a gwamnati da majalisa, Sarki Gustaf na Biyar ya nuna yana son a amince, aka amince. Daga 25 ga Yuni zuwa 12 ga Yuli, jirage fiye da 100 suka kwashe runduna ta 163 ƙarƙashin Janar Erwin Engelbrecht, mutum kusan 15,000. Sun shigo ta Charlottenberg, suka bi Laxå, Hallsberg, Krylbo, Ånge, Vännäs da Boden, suka fita ta Haparanda. Layin nan na 1900 da ya arzuta Krylbo, shi ne hanyarsu. Ma'aikatan garin ne suka juya musu layi, suka ba su hannu, dare da rana.

Mako ɗaya cif bayan wucewar jirgin ƙarshe na rundunar, da sassafe, wani jirgin kaya mai ɗauke da taragun albarusan sojan Jamus da aka nufi Finlan da su yana cikin filin tashar Krylbo, sai wuta ta kama. Taragun suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, aka yi sa'o'i ana jin ƙara, harsasai da ɓaraguzan ƙarfe suna zuba a cikin gari. Wasu taragun da ke kusa suka ƙone, dogo ya lanƙwashe, ginin tasha ya lalace, gilasan tagogi suka zube a gidaje da yawa. Mutum 24 suka ji rauni. Allah ya taƙaita, ba wanda ya mutu. Har yau 'yan Suwidin suna kiran abin da Krylbosmällen, wato fashewar Krylbo.

Me ya tayar da wutar? Bayani biyu ake yi. Na farko shi ne zafin gatarin ƙafar tarago: a jiragen wancan zamani, in mai ya ƙare a mazaunin gatari sai ƙarfe ya yi ta gogar ƙarfe har ya yi ja, ya kama katakon da ke sama. Wannan matsala ce da duk ɗan reluwe ya sani. Na biyu shi ne zagon ƙasa daga Ingila. A ofishin jakadancin Birtaniya da ke Stockholm akwai wani hafsa, Malcolm Munthe, ɗan shahararren likitan nan na Suwidin Axel Munthe, wanda ke yi wa hukumar ɓoye ta Ingila mai shirya ɓarna a bayan abokan gaba aiki. A cikin kwanakin nan aka kore shi daga ƙasar, kuma tun daga lokacin ake danganta sunansa da fashewar. Masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Ni dai ina ganin wannan muhawara, duk da daɗin sauraronta, tana janye hankali daga abin da ya fi nauyi. Ko gatari ne ko nakiya, abin da ya fashe a Krylbo makaman wata ƙasa ne mai yaƙi, a tsakiyar gidajen fararen hula na ƙasar da ta ce ba ruwanta. Waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya suna Stockholm. Waɗanda ke kwance da 'ya'yansu 'yan mitoci daga taragun, masu juya layi ne da masu haɗa taragu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai waɗannan shekaru, daga 1940 zuwa 1943, gwamnati ta haramta ɗaukar wasu jaridu a jiragen ƙasa, yawancinsu na 'yan gurguzu, har da masu zafin sukar Hitler. Ma'aikaci ɗaya aka hana loda damin jarida, aka kuma umarce shi ya wuce da taragon harsashi.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙasar nan ce ta karɓi Yahudawan Denmak fiye da 7,000 a Oktoban 1943, ta karɓi dubban 'yan gudun hijirar Norwe, ta karɓi yaran Finlan kusan 70,000 da iyayensu suka tura don su tsira, da yawansu ta Haparanda suka shigo a jirgin ƙasa. Akwai kuma masu cewa da Suwidin ta ƙi a 1940, da an mamaye ta, da babu inda waɗannan mutane za su gudu. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma ba ta goge cewa wani ne ya ɗauki nauyin wannan lissafi a kansa, kuma a safiyar 19 ga Yuli an ga ko wane ne.

An gyara dogo cikin gaggawa, domin layin ba ya jira. An gyara tashar. Jigilar Jamusawa ta ci gaba har shekara biyu bayan haka.

Yadda aiki ya janye

Abin da ya rage wa Krylbo ƙarfi ya fara tun kafin yaƙi, kuma a hankali ya zo. A 1927 aka buɗe layin gaɓar teku daga Gävle zuwa Härnösand, wato hanyar da tsarin Ericson ya ƙi bi. A 1933 gwamnati ta karɓe shi tare da layin Uppsala zuwa Gävle. Mutanen arewa a bakin teku suka fi yawa, a Gävle da Hudiksvall da Sundsvall, don haka sannu a hankali jiragen fasinja na arewa suka koma can. A shekarun 1930 aka ja wa manyan layukan da ke bi ta Krylbo wutar lantarki. Kan jirgi mai lantarki ba ya shan ruwa, ba ya cin kwal, ba ya neman mai zuba masa, kuma yana iya tafiyar ɗaruruwan kilomita ba a canza shi ba. Bayan yaƙi mota ta shiga hannun talaka, manyan motocin kaya suka ƙwace ƙananan lodi. Daga shekarun 1950 aka fara sarrafa alamomin hanya da juya layi daga ofis mai nisa, gidajen masu gadin layi suka zama kufai ko gidajen hutu. Aikin kwance taragu da ɗaura su ya tattara a manyan filaye, musamman Hallsberg da Borlänge.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira kuskure. Kowanne ya sa jirgi ya fi sauri ko ya fi araha. Sai dai garin da aka gina don jirgi ya tsaya, ribar jirgi ta koma cikin rashin tsayawa. Avesta kuwa tana ta girma da ƙarfenta. A 1967 aka haɗe Krylbo da birnin Avesta, bayan shekara 48 tana cin gashin kanta. Mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe. Sunan tashar ma Avesta ce a gaba.

Hukumar jirgin da ta gina garin ita ma ba ta tsira yadda take ba. A 1988 Suwidin ta raba kula da dogo da tafiyar da jirage, abin da ƙasashen Turai da dama suka kwaikwaya daga baya. A 2001 aka sake tsaga abin da ya rage: SJ na fasinja, Green Cargo na kaya, Jernhusen na gine-ginen tasha. Tun 2010 dogon yana hannun hukumar sufuri ta Trafikverket. A dā shugaban tasha ɗaya ne ke amsa tambaya a kan komai, yanzu an raba amsar ga ofisoshi da yawa, ba kuma a Krylbo suke ba.

Abin da ke wurin yau

Baƙon da ya sauka yana da abin gani fiye da yadda zai zata, ko da yake yawanci a ɓangaren Avesta suke. Tsohuwar masana'antar narka tama, wadda aka gina bangonta da tubalin kashin ƙarfe, ta zama gidan tarihi da wurin baje kolin zane-zane mai suna Verket. Akwai tsohuwar unguwar ma'aikata ta gidajen katako kusa da kogi. Akwai gandun ɓaunar Turai, dabbar da ta kusa ƙarewa a duniya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda Axel Ax:son Johnson mai kamfanin ƙarfe ya assasa. A bakin babbar hanyar mota akwai mutum-mutumin jan dokin Dalarna mai tsayin mita 13, da aka kafa a 1989. Masana'antar ƙarfe tana aiki har yanzu, a hannun kamfanin Outokumpu na Finlan. Ƙaramar hukumar Avesta gaba ɗaya tana da mutane kusan 23,000.

A Krylbo kanta, jiragen Stockholm zuwa Borlänge, Falun da Mora suna tsayawa, haka ma jiragen yanki masu zuwa Örebro da Gävle. Amma nauyin wurin yanzu a jiragen kaya yake. Layin Storvik, Krylbo, Fagersta, Frövi, Örebro, Hallsberg har Mjölby yana cikin manyan hanyoyin kaya na ƙasar, kuma dogon sashe nasa layi ɗaya ne tilo, jirgi sai ya jira wani ya wuce. Shi ya sa Trafikverket ta tsara ninka wani yanki nasa daga Avesta Krylbo zuwa Dalslund.

Akwai kuma sabon dalili da ya sa ake sake duban waɗannan layuka. Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a Afrilun 2023, Suwidin ta bi ta ranar 7 ga Maris 2024, ta ajiye matsayin 'yar ba-ruwanmu da ta riƙe kusan shekara 200. Masu tsara tsaro suna maganar yadda za a kai dakaru da kaya daga tashoshin ruwan Norwe da Göteborg zuwa Finlan, kuma cikas ɗin da ke Haparanda yana nan: faɗin dogon Suwidin milimita 1,435 ne, na Finlan 1,524, dole a sauke kaya a sake lodawa. Wannan karon majalisar ƙasa ce ta zaɓi ƙawancen a bainar jama'a, bambancin kuwa babba ne. Duk da haka ina ganin mazauna garuruwan da dogo ya ratsa tsakiyarsu, irin su Krylbo da Storvik da Ånge, suna da haƙƙin a gaya musu irin shirin da aka yi na kashe gobara da kwashe jama'a, tun kafin taragun su fara wucewa.